Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙannena Mawaƙan Zamani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙannena maza da mata, na Kano da Kaduna da Jos, na Maraɗi da Damagaram, da duk wanda ke shiga ɗan akurkin ɗakin nan mai soso a bango ya tsaya gaban makirfo, ina gaishe ku, sannunku da aiki. Da yawanku ba ku san fuskata ba, amma da wuya a ce muryata ba ta taɓa shiga kunnenku ba. Shekara ashirin ke nan ina wannan sana'a, kuma goman farko a bakin wasu na yi su: ni ke rerawa a situdiyo, jaruma ta motsa leɓe a fim, ita ake sani, ita ake yi wa kyauta. Ban ce ta cuce ni ba, haka muka tarar da abin. Na faɗa ne don ku san mai maganar nan ba 'yar kallo ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abu ne ya same ni bayan ƙaramar salla, ya hana ni sakat, shi ya sa na ɗauki biro.

Na raka wata aminiyata asibiti, ɗanta mai sikila ne, ranar ganin likitansu ce. Wanda bai taɓa zaman wannan layi ba, da wuya ya gane. Benci uku maƙil da mata, kowacce da filas ɗin ruwan zafi da zanin goyo a kafaɗa, yara idanu sun yi ruwan ɗorawa, wani yana kukan da babu sauran ƙarfi a cikinsa. Aka kira ni a waya, na amsa, na yi 'yar dariya. Ina kashewa sai yarinyar da ke kusa da ni ta juyo ta zuba mini ido, ta ce, "Anti, don Allah ke ce?" Ta ambaci sunan wata tsohuwar waƙata. Na ce ni ce. Ba za ta wuce shekara ashirin da uku ba. Jariri a ƙirjinta, wani ɗan shekara huɗu ya ɗora kai a cinyarta, yatsunsa a kumbure.

Ta ce da waƙar nan mijinta ya neme ta. Kullum dare sai ya kwafo baiti ɗaya ya turo mata a waya, ita ma ta kwafo na gaba ta mayar masa. Da ita suka shiga wurin dina. To kafin biki, wata gwaggonta ma'aikaciyar jinya ta matsa sai an yi gwajin jini. Aka yi, shi AS, ita AS, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar sikila a jininsa. Gwaggon ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla, cewa duk cikin da za ta ɗauka, kashi ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa da ciwon. Ta ce a haƙura. Yarinyar ta dube ni tana murmushi, ta ce, "Anti, wallahi baitinki na mayar mata." Baitin da na ce duk mai son raba mu maƙiyi ne, kuma ba mai raba mu sai mutuwa. Ta daina cin abinci, aka gaji aka ɗaura.

Na ce ina mijin? Ta ce ya gaji da zaryar asibiti, ya ce su a danginsu ba a san wannan ciwo ba. Wata na biyar ke nan tana gidansu.

Ba ta ce na cuce ta ba, ko a fuska ban ga alamar haka ba. Roƙona ta yi mu ɗauki hoto ta nuna wa ƙawayenta. Na gyara mayafi, muka ɗauka, yaron yana kwance tsakaninmu.

Na san abin da za ku ce, ni ma shi na yi ta faɗa wa kaina a adaidaita sahu har gida. Ba waƙa ce ta ɗaura auren ba, akwai waliyyai, akwai ƙaddara, kuma ko ban yi baitin ba wani zai yi. Duk gaskiya ne. Amma ni na san yadda aka yi baitin nan ya fito. Rana ce ta zafi a wani situdiyo da ke titin Gidan Zu, an ɗauke wuta, man janareto ya kusa ƙarewa, mai kiɗa yana ta duba agogo. Layin farko ya ƙare da "rabuwa", ina neman kalmar da za ta amsa masa, sai "mutuwa" ta faɗo mini. Ko minti goma ban yi a kansa ba. Ba don na yarda da maganar na rera ta ba, don ta hau kiɗa ne kawai. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ba su ce a bakin mai ita take kwana ba. Tana fita ta shiga bakin yarinya 'yar shekara goma sha takwas, wadda ba ta da wasu kalmomin da za ta faɗi abin da ke ranta sai waɗanda muka ara mata.

Kada wani ya ɗauko wannan takarda ya hau mumbari da ita ya ce ga shi 'yar cikin gida ta tabbatar waƙar soyayya ɓarna ce. Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Masu cewa mu muka kawo wa Bahaushe soyayya daga Indiya, su je su tambayi kakanninsu mata abin da suke rerawa a dandali da farin wata, suna gaɗa, samari na tsaye daga gefe kowa ya san da wa ake. Haruna Uji na Haɗeja ya rungumi gurminsa ya yi ta kiran sunayen mata da begen da har yau in an sa sai jikin mutum ya yi sanyi. Garba Supa ya yi wa ango da amarya da kukuma. Aro kuwa mun yi, ba ma musu. Iyayenmu maza sun cika Plaza da Marhaba da Orion suna kallon fim ɗin Indiya tun ba a haife mu ba, kuma ba mu kaɗai muka ɗauko karin sautinsu ba, har masu bege irin su Ushaƙu Indiya sun ɗora yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan waɗannan muryoyi. Aron sauti bai taɓa damuna ba.

Abin da ke damuna wani aron ne da muka yi ba mu lura ba. Fim ɗin Indiya ranar ɗaurin aure yake ƙarewa. An sha wuya, an yi kuka, uba ya sauko, an rungume juna, a kunna fitila kowa ya tafi gida. Haka muka mayar da waƙoƙinmu. Ku ɗauko ɗari daga cikin waɗanda muka yi a shekara goman nan ku saurara. Ina sonki, ba na barci, ke ce numfashina, in babu ke zan mutu, mahassada ku mutu. Daga nan sai waƙar kamu, sai ta dina, sai ta kai amarya. Muna raka ta har bakin ƙofa da algaita da guɗa, tana sa ƙafar dama mu juya mu bar ta. Wata na bakwai fa? Ranar da kuɗin cefane bai kai ba, ranar da uwar miji ta yi magana mai nauyi, ranar da laulayi ya sa ba ta iya ko kallon tukunya, ranar da ta ga saƙon wata a wayarsa? A nan ne ake gane ko akwai so ko babu, kuma a nan ne ba mu da baiti ko ɗaya da za mu ba ta. A Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a lokaci ɗaya, kuma tun 2012 ake irin wannan auren gata saboda yawan zawarawa. Kowa a garin nan yana da 'yar'uwa ko ƙanwa da ta dawo gida da takarda kafin fentin ɗakinta ya dushe. Mu da muka fi kowa yawan ambaton so a ƙasar Hausa, a ce ba mu da abin cewa a kan wannan?

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Hajiya Barmani Choge, Allah ya jiƙanta, da ta rasu a 2013, da ƙwarya da turmi ta shiga har ƙuryar ɗakin matan aure. Ta yi maganar kishiya ba kunya, ta yi maganar haihuwa, ta zuga mata su kama sana'a ko ta ƙuli-ƙuli ce. Mata suna dariya suna rawa, amma kowacce ta ji an taɓo inda ke mata ƙaiƙayi. Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa ya tsaya ya dubi karen mota, mutumin da ba wanda ke kallo sau biyu, ya yi masa waƙa, ya yi a kan auren dole, ya yi a kan zaman miji da mata. Har ya koma ga Allah a 2015 ban taɓa jin an ce waƙarsa ta tsufa ba.

Akwai kuma wata ɓarna da muke yi a ruwan sanyi. Sau nawa muka yabi mace ba mu ce fara ba? Fara sol, fara tas, hasken fatarki ya kashe fitila. A bidiyo ma sai an zaɓo mai haske, in ba ta kai ba a ƙara mata a kwamfuta. Sannan mu zo muna mamakin yara mata da ke ƙarar da kuɗin toshinsu a kan man shafe-shafe, fuska ta yi ja, gwiwa da gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Ni baƙa ce, uwata baƙa ce, kuma da bakina na rera irin waɗannan baitoci ba sau ɗaya ba.

Yanzu bari in taɓo kalmar nan da muke fakewa a bayanta. Duk wanda aka miƙa wa makirfo a gidan rediyo, abin da zai fara cewa shi ne, "Mu masu faɗakarwa ne." Ranar kuma da aka kama shi da baitin banza sai ya ce, "Ai nishaɗi ne kawai." Baki ɗaya, magana biyu. In waƙa tana da ƙarfin gyara mutum, to tana da ƙarfin ɓata shi, ba yadda za a yi mu karɓi lada mu ƙi karɓar alhaki. Wasunmu kuma sai su yi baiti biyar na sharholiya, su rufe da na shida a kan tsoron Allah da bin iyaye, kamar wanda ya sha abin da ya sha ya tauna kanumfari kafin ya shiga gida. Ba wanda ake ruɗa.

Kuma ba ina nufin mu koma wa'azi da kiɗa ba. Malamai suna nan, sun fi mu sanin aikinsu. Na sha yin waƙar kwangila, ta gidan sauro, ta rigakafi, ta wanke hannu. A kawo maka takarda da jerin abin da za ka faɗa, ka jera su a kan kiɗa, a yi taron ƙaddamarwa a raba lemo, daga ranar ba mai sake jin ta. Sanarwa ce aka sa wa ganga. Abin da ya sa waƙar Ɗanmaraya ta zauna shi ne bai tsaya a sama yana nuna wa mutane yatsa ba. Kallo ya yi da kyau, ya faɗi abin da ya gani da Hausar da ba a mantawa. Nauyin da ke kanmu ke nan a ganina, mu kalla da kyau, mu faɗi gaskiyar abin da muka gani, mu kuma ƙawata faɗar har yarinya ta so ta kwafa ta tura wa saurayinta.

Wannan ya kawo ni kan harshe. Na san zamani ya canja. Mu mun fara da kaset, muka koma faifai, dillalan Ƙofar Wambai su saya su buga, daga baya masu tura waƙa a waya suka karya kasuwar, yau kuma ga YouTube da Audiomack da TikTok. Yaro ya gane cewa daƙiƙa goma sha biyar ake yanka a yi rawa da ita, don haka sai ya zuba duk ƙarfinsa a amshi, sauran baitocin ya cika su da duk abin da ya zo bakinsa. Kalma in dai ta ƙare da harafin da ake so, a jefa ta, ko ta yi ma'ana ko kada ta yi. Ba zagi nake ba, na riga na gaya muku yadda na samo "mutuwa". Amma ku riƙa komawa kuna jin na da. Ku ji yadda Aƙilu Aliyu ke juya kalma ɗaya ta ba da ma'ana uku. Ku ji Aliyu Namangi na Zariya, makaho, wanda baitocinsa suka shiga bakin almajirai da tsofaffi har suka zama kamar ba mutum ɗaya ne ya yi su ba. Jami'ar Ahmadu Bello ba don kalangu ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988 ba, don abin da ya yi da Hausa ne.

Masu cewa 'yan hip-hop ɗinmu ba Hausawa ba ne saboda wando da askinsu, ban bi su ba. Ni kaina in aka bi salsala, ubana Banufe ne da aka haifa a Fagge, uwata Bafulatana, Hausa ce ta goye ni. Fati Nijar daga Maraɗi ta zo, kuma ba wanda ya tambaye ta fasfo kafin ya so muryarta. Na taɓa zuwa biki a Zangon Kumasi, wata dattijuwa da kakanta ya je can fataucin goro bai dawo ba, ita ko Kano ba ta taɓa gani ba, ta riƙe hannuna tana bin waƙata baiti-baiti, ta ce da irin waɗannan take koya wa jikokinta Hausar gida. Tun daga ranar nake jin nauyin sakin gurguwar Hausa. Ka sa Turanci in ka ga dama, ka sa Larabci, ka sa Faransanci in kai ɗan Nijar ne, ka ɗora a kan fiyano ko kalangu ko abin da kwamfuta ta haɗa maka. Amma ya zama don ka zaɓa ne, ba don ka nemi kalmar a harshen uwarka ka rasa ba.

Sai maganar da na fi jin kunyarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A kakar zaɓen 2019 wani ɗan koren ɗan takara ya same ni da takarda. An jera ayyukan maigidansa: rijiyoyin burtsatse arba'in, hanya, asibiti a wani ƙauye. Kuɗin da ya ajiye ya biya mini hayar shekara biyu. Ban tambayi komai ba, na shiga na rera, waƙar ta karɓu, mutumin ya ci zaɓe. Bayan kamar shekara ɗaya aka gayyace mu biki ta wannan yanki. Motarmu ta tsaya shan mai, na tambayi wani mai shayi ina asibitin nan. Ya nuna mini da haɓa. Gini ne da ya tsaya a linta, ba rufi, ciyawa ta fito a ciki, awaki na kwance a inuwar bango. Ina tsaye wasu yara suka wuce da jarkoki a baro za su ɗebo ruwa a rafi, kuma wallahi amshin waƙar tawa suke yi, wurin da na ce ruwa ya wadata. Na ja mayafi na rufe fuska, alhali ba wanda ya san ni a wurin.

Za ku ce yabon manya gadonmu ne. Haka ne, Narambaɗa ya yabi Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo ya yabi sarakuna har ya bar duniya a 1991. Amma akwai bambanci. In makaɗi ya kira sarki giwa ko toron giwa, kowa ya san kirari ne, ba mai zuwa duba haure. In kuwa ka ce an haƙa rijiya arba'in alhali ba a haƙa ba, wannan ba kirari ba ne, shaidar zur ce da kiɗa, kuma da ita talaka zai je ya dangwala. Haka zambo. Habaici gishirin waƙa ne, amma wanda za ka yi wa abokin hamayyar maigidanka, ka taɓa uwarsa, ka taɓa asalinsa, ka san a bayan a-kori-kura za a sa shi, yara sun sha sun bugu, gora da adda a hannu. Ban ce kowa ya daina waƙar siyasa ba, abinci ne, kuma akwai wanda ya yarda da gwaninsa tsakani da Allah. Abin da na ɗora wa kaina tun daga ranar shi ne, duk aikin da ban gani da idona ba, ba ya shiga bakina. Na rasa kwangila biyu saboda haka. Ban mutu ba.

Ga kuma shirunmu. A Disambar 2020 aka kwashe yara maza fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. A Fabrairun 2021 aka ɗebi 'yan mata 279 a Jangebe. Ƙauyuka nawa aka tasa a Zamfara da Katsina da Sakkwato, mata nawa ke bara a bakin titi da a da suke da rumbu? 'Yan kaɗan daga cikinmu sun yi waƙa a kai, Allah ya saka musu. Mafi yawanmu muna situdiyo muna cewa ba ma iya barci saboda bege. Na san akwai tsoro, kuma tsoron ba na banza ba ne. Tun da aka kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001 mun ga abubuwa. An ɗaure Adam Zango a 2007. An kama Aminu Ala a 2009. An kama Naziru Sarkin Waƙa a 2019. Kusan kullum tuhumar ɗaya ce, sakin waƙa ba a tace ba, kuma jama'a sun sha lura cewa waƙar da ta taɓa masu mulki ta fi saurin jawo sammaci. Ina da maganar da zan yi da hukuma, amma takardarta daban. Ba zan tura ɗan wani gidan yari da baki ba, ni ina gida kwance. Sai dai tsakanin zagin gwamna da yin gum akwai fili mai faɗi. Waƙar uwar da ke jiran 'yarta a ƙofar makaranta ba ta bukatar sunan kowa.

Ƙannena maza, ku ba ni kunnenku a nan, maganar 'yan matan da ke yi muku amshi ce. Lokacin da na fara, da hijabi har ƙasa nake fita in ce zan je gidan ƙawa. Shekara biyu mahaifina bai sani ba, ranar da ya sani kuwa wata uku bai amsa gaisuwata ba. Akwai wanda ya so ni da aure, magana ta yi nisa, mahaifiyarsa ta ce ba za a kawo mata zabiya cikin zuri'a ba. Bayan wata huɗu aka yi kamun 'yarta, kuma muryata ce ke tashi a lasifika tana tsakiyar fili ana yi mata liƙi. Ana son waƙar, ba a son mai yin ta. Wannan shi kowace yarinya ke ɗauke da shi kafin ta tako matakalar situdiyonku. Kada ku ƙara mata wani. Ku sa mata lokacin aiki da rana, ba sha ɗayan dare ba. Maganar aiki a wurin aiki ake yin ta, ba a ɗakin otal ba. Ku biya ta a ranar, ku rubuta sunanta a jikin waƙar kusa da naku, domin rabin daɗin daga maƙogwaronta ya fito. Ku kuma 'yan mata, a Maris ɗin 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, amma doka ba ta bin mutum gida. Kafin ki buɗe baki a yi takarda, ko da rabin shafi ce, a rubuta nawa ne, kuma wa ke da me in waƙar ta yi kuɗi a intanet. Akwai waƙoƙina da miliyoyin mutane suka saurara, abin da na samu a kansu bai wuce kuɗin mota da lemon kwalba na ranar ba. Kunya ce ta hana ni tambaya, ana cewa ai duk ɗaya ne, wa da ƙanwa.

Gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a Mayun 2024, har da na ƙwayar halitta mai nuna ko mutum na ɗauke da sikila. Abu ne mai kyau, ƙasar nan ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan yaran da ake haifa da sikila. Amma yarinyar da na haɗu da ita an yi mata gwajin, ta ga sakamakon da idonta. Ba takarda ta rasa ba. Abin da ta rasa shi ne wata murya da za ta gaya mata cewa wanda ya haƙura da kai don kada ɗanku ya kwana yana ihu, shi ma masoyi ne, wataƙila ma ya fi. Duk waƙoƙin da ke wayarta sun ce mata mai haƙura maci amana ne.

Tun daga ranar nake fama da wata waƙa. Ta mutum biyu ce, saurayi da budurwa a bakin ɗakin gwaji, kowa da takardarsa a hannu, sun riga sun buga katin biki. Ba likita a ciki, ba nasiha, su biyu ne kawai suna neman yadda za su yi sallama. Baitocin macen sun kammala, sau shida ina rushe su ina sakewa, kuma na hana kaina sa "mutuwa" ko da ta dace da kiɗan. Kiɗan ma an haɗa, gurmi ne da ɗan fiyano a ƙasa. Muryar namiji nake nema. Na kai wa mutum uku cikinku. Na farko ya ce ba za ta yi kasuwa ba, ba a rawa da ita. Na biyu ya ce masoyansa ba su san shi da rabuwa ba. Na uku ya ce zai kira ni, yau wata biyu.

Wanda duk ya ga zai iya, masu kiɗan titin Gidan Zu sun san inda ake samuna. Ba ni da kuɗin da zan biya shi yadda ya saba, amma za mu yi takarda, rabi da rabi, kuma shi zai rubuta baitocinsa da kansa, don ban san abin da namiji ke ji a irin wannan tsayuwa ba.

Wassalam.

Yayarku a sana'a,
daga Kano.